Labule Uku Na Ɗinka, Har Yanzu Maigida Bai Samu Barci Ba

Anti, ki taimake ni don Allah, raina ya gama ɓaci. Ni tela ce, shekara goma sha ɗaya ina kan keke, amma wai labule ne ya gagare ni, har yana neman kore mini miji daga gida.

Aikin dare yake yi a gidan burodi, sai da safe yake dawowa ya kwanta. Tagar ɗakinmu kuwa rana take kallo, ƙarfe tara na yi ɗakin zai koma kamar tsakar gida. Ya ce a sayo labule mai hana haske. Na ce da tela a gida za a sayo labule? Na samo baƙin yadi na ɗinka. Haske ya ratsa abinsa, ɗaki ya ɗau zafi, bawan Allah ya tashi sharkaf da gumi. Na ninka yadin biyu, ya ce da saura. A na uku na sa mai kauri, na auna tagar tsaf, ko inci ɗaya ban ƙara ba, ya zauna ɗas. Wai yanzu kuma wani siririn haske ne yake shigowa ta gefe yana sauka a idonsa. Siririn haske fa, Anti! Mutum ba zai juya baya ba?

Ran nan na dawo daga kasuwa na tarar ya buga kwali da ƙusa a tagar, maƙwabtan da nake wa ɗinki suna gani. Na ɓamɓare, muka yi ta cacar baki. Yau kwana tara ke nan daga wurin aiki gidan mamansa yake wucewa, ya kwanta a ɗakin ajiya marar taga. Sai la'asar nake ganinsa, ya yi wanka ya fice. Ya ce gyangyaɗi ya sa ya ƙone hannu a tanderu, na kuma ga tabon, ban ce ƙarya yake ba. Amma wallahi na gaji. Wane labule kuma zan sa ya dawo ɗakinsa?

Tela Mai Takaici

Haba 'yar'uwa! Ɗinkinki lafiya lau yake, matsalar ita ce riga kika yi wa tagar. Labulen duhu ba ya son awo cif. Ki ƙara taƙi guda a kowane gefe, ki ɗaga sandar labulen sama da tagar sosai, ki matso da ita jikin bango, labulen ya sauka har ƙasa.

Baƙin launi ma ba shi ke tare haske ba, zafi kawai yake kwasowa. Ki nemi yadi mai farin shafi na musamman a baya, ki kara fitilar waya a jikinsa tun a shago. In kin hango ɗigon haske, ki ajiye musu kayansu. Farin ɓangaren ya kalli waje.

Shi ma bai kyauta ba. Buga kwali ba shawara, da ƙaura gidan mama, ba aikin magidanci ba ne. Amma ki daina cewa ya juya baya. Mutumin da ya ƙone hannu saboda rashin barci ba shagwaɓa yake yi ba, kuma na lura tabon kwalin ya fi na hannun yi miki ciwo.

In kin rataya, ki rufe ƙofa da tsakar rana, ki kwanta a gefensa na gadon minti goma, ki ga abin da yake gani. In ɗakin ya yi duhu, kada ki aika kowa. Ki je da ƙafarki ki taho da shi, kuma ki fara tambayarsa hannun kafin ki ambaci labule.

Allah ya ba shi barci mai daɗi, ke kuma ya sanyaya miki rai.