Inuwar da Saminu Ya Zana Mini

Hajiya Yalwa Mai Fura,
Layin Tashar Jirgi,
Kaura Namoda.
17 ga Mayu, 2004.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Masu Zanen Gini ta Shiyyar Kaura, Shinkafi da Zurmi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KOKE A KAN MALAM SAMINU, ƊAN ƘUNGIYARKU, BISA INUWAR DA YA NUNA MINI A HOTO, WADDA HAR YAU BA TA ISO SHAGONA BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ce mai suna a sama, mai sana'ar fura da nono tun kafin a yanke mana jiha. Ina neman izini in gabatar da kokena cikin ladabi, ko da yake Allah Ya sani da ƙyar nake riƙe ladabin.

1. A watan Nuwamban bara na yi niyyar gina shago a filina. Buƙatata ɗaya ce, kuma na faɗe ta a gaban shaidu: inuwa. Matan rugagen wajen ƙauyen Ɗan Isa suna isowa da hantsi, su sauke ƙore, su zauna har azahar. Nono ba ya shiri da rana, su ma haka. Inda inuwa take nan suke sauka, kuma wadda aka sauka a ƙofarta ita ke fara zaɓen kindirmo.

2. Na kai wa Malam Saminu aikin saboda ɗan ƙawata Saude ne, a bayana ya sha barci yana jinjiri. Ya shaida mini cewa zanen layi-layi ya zama tsohon yayi. Wai akwai wani ƙari da ake ɗora wa manhajar zanen gini a kwamfuta, mai fito da gida da launinsa da ranarsa da inuwarsa, sai ka rantse an gina an ɗauki hoto. Ni na aika Gusau aka sayo faifan, ni kuma na zuba wa janareta mai.

3. Ranar 2 ga Disamba aka ɗora abin, ina zaune a wurin. Da ƙafata na tako, tun da an hana mu mata hawa kabu-kabu. Na gani da idona, duk tambayar da kwamfuta ta yi wa yaron nan, kafin ta rufe baki ya danna mata amsa. Da na yi magana, ya ce haka ake yi ko a Kaduna. Daga nan kwamfuta ta kama gurnani kamar injin niƙa, hoto na fitowa kaɗan-kaɗan daga sama, janareta na tari, har la'asar ta kusa kuɓuce mini.

4. Hoton farko da ya fito, ranka ya daɗe, wata Baturiya ce da gajeren wando tsaye a ƙofar shagona, riƙe da kare. Kare! Daidai inda ake ajiye ƙwaryar nono, kuma a wanga zamani na shari'a! Ya ce tare da faifan suka zo. Ya samu ya cire karen, amma Baturiyar ta ƙi fita, sai ya zana mata hijabi. Tun da ta suturta na ƙyale ta. Wannan ba ya cikin kokena, na ambata ne don a san irin haƙurin da na yi.

5. Amma fa inuwar! Luf take a hoton, daga gindin bango har bakin hanya, kuma ya ce ƙarfe goma sha biyun rana ke nan. Saboda ita na fuskantar da shagon arewa, na kuma sallami mai kafa rumfa. Abin da ya fi ci mini rai, na ɗauki hoton na kai har ruga. Rekiya, wadda matan ke bin maganarta, ta shafa inuwar da hannunta ta yi hamdala. Na kuma biya na nuna wa Larai, mai furar gindin durumi, abokiyar hamayyata, da ɗan taku irin na wadda ta yi nasara.

6. Ranar 10 ga Afrilu aka buɗe shagon. Mata suka zo suka sauke ƙore. Rana ta hau ta tsaya a tsakar ka, inuwar da ta fito ko ƙadangare sai ya karkace zai shiga. Muka ce bari mu jira, wataƙila tana hanya. Man shanu ya narke, nono ya tsinke, goyon wata ya kama tsala ihu. Rekiya ta naɗe gammonta, ta ja mutanenta zuwa gindin durumi. Yau Larai ke zaɓen kindirmo, ni sai ragowa, masu shan furata na shekara da shekaru suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma kullum sai ta aiko a gaishe ni, a tambaya ko inuwar ta iso. Wallahi na yi kuka, ba na ɓoyewa.

7. Da na tsare Malam Saminu a gaban mahaifiyarsa, ya amsa da bakinsa cewa cikin tambayoyin nan da ya danne akwai wadda ke neman sanin garin da za a yi ginin. Bai sa Kaura ba, ya bar shi a garin waɗanda suka yi faifan, can ƙasar sanyi inda rana ke bi ta gefe ba ta hawa bisa kai. Wato da ranar wasu ya auna mini shago. Sannan don ƙarfin hali ya ce in kwantar da hankali, idan sanyi ya shigo inuwar za ta zo. Ina roƙon Mai Girma Shugaba ya binciko mini nonon da ke jiran Disamba.

Ban kai maganar gaban alƙali ba don idon Saude. Saboda haka nake roƙon wannan ƙungiya mai albarka, da farko, ta umarci Malam Saminu ya kafa mini rumfa ta gaske, ta itace da zana, wadda mutum zai shiga da jikinsa. Na biyu, a gargaɗi sauran 'ya'yan ƙungiya su riƙa gaya wa kwamfuta cewa a Zamfara take. Na uku, kafin rumfar ta tsaya, ya riƙa zuwa kullum da tsakar rana ya zauna a daidai inda ya tsayar da Baturiyarsa, har azahar. Zan ba shi fura kyauta, in ba ta tsinke ba.

Ina neman afuwa da ban haɗo hoton da wannan takarda ba. Da shi nake rufe ƙwarya, kuma ita ke nan inuwar da na samu a aikin.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka fi haka. Na gode da sauraro.

Taka mai biyayya,

Hajiya Yalwa Mai Fura
(Sa hannu)