Akori-kurarka Ta Riƙe Mana Yaro

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin haske da yalwar makwanci. Kada ka yi mamakin rubutun nan, ni ce da hannuna. Bayan rasuwarka na shiga ajin manya na matan unguwa, na koyi baƙi da wasali da furfurata. Ummi, autarmu, za ta saka shi a waya 'yan'uwa su gani, amma da kai nake magana.

Godiya na zo yi maka a kan abin da na fi yi maka mita a kansa, wato akori-kurarka.

Ka tuna ranar da ta ƙi tashi, kuka tura ta da maƙwabta har gindin mainar bayan ɗaki? Motar da ta sha ɗaukar gero da wake zuwa kasuwar Gadau da Itas, ta dawo kaji na yi mata ƙwai a kujera. Duk sanda 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka zo taya ta, sai ka ce, "Ba ta mutu ba, hutawa take yi." Ni kuwa in ce ta cinye mini wurin shanya. Ka tafi ka bar ta nan, tayoyi sun nutse a ƙasa, tsatsa ta ci ƙofa.

Yanzu bari in ba ka labarin ɗanka na fari, Yayan su Ummi. Ya gama karatunsa. Ya zaga ofisoshin Azare da takardu, ya je har Bauchi, babu aiki. Sai ya daina fita. Sai ya daina magana. Abokinsa Ɗanlami ya riƙa zuwa suna ƙus-ƙus a zaure, har Ummi ta gaya mini hanyar Agadas suke shiryawa, daga can su tsallaka sahara. Ta ce ta ga sabuwar jaka a ƙarƙashin gadonsa.

Malam, ka san ɗan Hajiya maƙwabciyarmu ma wannan hanyar ya bi. Har yau in wayarta ta yi ƙara, da gudu take zuwa ta ɗauka.

Kuma ka san yadda aka tashe mu. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama da shi mun yi hira ba. In ina da magana da shi, kai nake gaya wa. Da ka tafi, sai na rasa bakin da zan aika. Ina kallon yaro yana shirin tafiya, abinci ya daina shiga mini, amma kunya ta ɗaure mini harshe.

Ana cikin haka 'yan gwangwan suka sake zuwa. Na gaji da komai, na ce Ummi ta gaya musu su kawo amalanke su kwashe. Sai ga shi ya fito daga ɗaki. Bai dube ni ba, Ummi ya duba, ya ce, "Gaya wa Inna kada a taɓa motar Baba. Zan tashe ta kafin in tafi." A ranar na ji maganar tafiyar daga bakinsa. Na sallami 'yan gwangwan, na koma madafa.

Bai san komai a mota ba, Malam. Ko sifana bai iya riƙewa ba. A waya yake kallon yadda ake yi, ya kwance nan ya fasa yatsa can. Da ya buɗe murfin injin, ɓeraye sun cinye wayoyi, gidan zanzaro ko ta ina. Da abin ya fi ƙarfinsa sai ya je ya ɗauko Baba Ishaya, makanikenka na da, mutumin Bogoro. Ya tsufa ƙwarai, amma bakin nan nasa yana nan. Ya leƙa ya ce, "Wannan ai ba mota ba ce, unguwar ɓeraye ce mai taya huɗu." Sannan ya dafa ta, ya ce har yanzu yana jin kukanta a kunnensa. Ya gargaɗi yaron cewa duk abin da ya kwance, ya jera shi yadda ya fito, don ya san inda zai mayar.

Haka ya yi. Ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a tsakar gida, ya jera notuna da ƙananan ƙarafa layi-layi. Ni ban ji gargaɗin nan ba, daga baya aka gaya mini.

Wata Juma'a ya tafi masallaci. Na fito na ga kaya baƙi ƙirin da dauɗar mai. Na ce a raina, tunda bakina ba zai iya ba, bari hannuna ya taimaka masa. Na kwashe su duka na zuba a daro. Na kawo toka da yashi da soso, na dirje su kamar gindin tukunya, na ɗauraye da ruwa. Sannan na ware manya da manya, ƙanana da ƙanana, yadda nake tsince wake, na shanya a faifai. Suna ƙyalli, ina ta jin daɗi.

Da ya dawo ya tsaya a kan tabarmar da ba komai. Ya dubi faifai. Fuskarsa ta sauya, sai na gane na yi ɓarna. Na ce shi ke nan, na tsinka igiyar da take riƙe da shi, gobe sai jaka.

Malam, dariya ya yi. Ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa da farar rigarsa. Ya dube ni, ni da kaina, ba Ummi ba, ya ce, "Inna, kin wanke mini inji kamar tukunyar tuwo!" Rabon da in ji dariyar yaron nan har na manta.

Baba Ishaya ya zo ya sa aka shafe su da mai maza-maza kafin tsatsa ta kama. Ya ce, "Hajiya, da ke ce yarinyar shagona, da garejina ya fi asibiti tsafta, amma da ba motar da za ta fita."

To ka ga sai an nemo wa kowane noti gidansa. Ni ce kuwa na kwashe su, ni na san wanda na ɗauko daga wajen randa da wanda yake bakin tabarma. Dole na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna kusa da shi. Yana kiran lambar sifana, ina karantawa a jikinta ina miƙa masa. Ashe karatun tsufa ma yana da ranarsa.

A nan na gano wani abu. In kansa yana cikin inji, ni kuma idona yana kan faifai, kunyar nan tana sassautawa. Ya gaya mini abin da yake cin ransa: yana ƙato, ni nake suyar ƙosai ina ciyar da shi. Na ba shi labarin yadda ka fara da karen mota, kana kwana a kan buhuna, kafin ka riƙe sitiyari. Bai taɓa ji ba. Rannan, ina miƙa masa filogi, na tattara duk ƙarfina na ce, "Ba na so ka tafi." Na ji dai sifanar ta tsaya, sannan ta ci gaba. Ban sake maimaitawa ba.

Ranar tafiyarsu Ɗanlami ya zo da hantsi, jaka a kafaɗa. Ina madafa, ludayi a hannuna, na kasa juya miya. Na ji yana cewa mota na jira a tasha. Ɗanka bai ko wanke hannu ba. Ya ce, "Je ka, Allah ya tsare hanya. Ni injina a buɗe yake, ga kuma tsohuwa." Ya raka shi bakin zaure ya dawo. Ni kuwa na bar hayaƙi ya ɗauki laifin idona.

Kada ka zaci motar ta tashi. Tana nan a kan bulo, ba taya, lagireto yana yoyo, ƙofar hagu da igiya aka ɗaure ta. Kullum da safe yaron yana garejin Baba Ishaya yana koyon aiki, da yamma ya dawo kanta. Na tambayi Baba Ishaya yaushe za ta hau titi. Ya ce ko damina mai zuwa da wuya. Ban taɓa jin labarin jinkiri ya yi mini daɗi irin wannan ba.

Har yanzu ina da fargaba, ka san halina. Ina tsoron ƙarfe ya faɗo masa, ina tsoron ranar da zai fara tuƙi. Amma wannan tsoro ne na uwar da take ganin ɗanta da la'asar, baƙin mai har goshi, yana tambayar ko akwai sauran tuwo.

Na gode, Malam. Na gode da taurin kanka. Ka bar mana abin da ni ban ga amfaninsa ba, ya yi mini maganar da na kasa yi.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya sa sana'ar ta karɓe shi. Allah ya saka wa Baba Ishaya da alheri. Ɗanlami da duk 'ya'yan da suke kan wannan hanya, Allah ya mayar da su gaban iyayensu lafiya. Amin.

Ni ce matarka,
Innar su Ummi,
Azare.