Ni na zubar da maganin awonta a masai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zagi na san zan sha, ku dai haɗa min da shawarar.

Matar ƙanena ce, 'yar Zandam, aka kawo ta gidanmu a Kangire ina zawarci, kuma tun ranar farko jinina bai haɗu da nata ba. Da ta samu ciki tana zuwa awo Birnin Kudu, tana dawowa da ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini, Innarmu ta ce su ke kumbura ɗa a ciki har sai an yanka mace. Inna faɗa kawai ta yi, ni na aikata. Duk maganin da matar ta karɓo sai in juye a masai, na hana ta ƙwai wai kada ta haifo mana ɓarawo, in an yanka kaza hanta tawa ce, ita tuwo da kuka tsura. In jiri ya ɗebe ta in ce son jiki ne.

Ta haifi yaro kamar ɗan tsako, muka yi ta ɗura masa madarar gwangwani da sukari kada a ce ana yunwa a gidanmu. Yanzu shekararsa goma sha uku, ƙiba har zaman tahiya gagararsa yake, ni na laƙaba masa Buhun Gero, unguwa ta ɗauka. Kwanaki ya faɗi a makaranta, aka auna aka ce ciwon suga ne. Likita ta ce rashin bitamin ga mai ciki yana iya sa jikin ɗanta ya tashi yana tara kitse, ta tambayi uwar ko ta sha maganin awo. Uwar ta ɗago ta kalle ni, sannan ta ce mantawa take yi.

Ashe duk shekarun nan ta sani. Ƙanena ya zage ta tas, ya ce ita ta cuce masa ɗa, ya yi mata saki ɗaya, ya hana ta yaron. Iddarta ta kusa cika. Ni kuwa har yau a gidansa nake ci nake sha, in ya ji gaskiya ban san inda zan nufa ba.

Jiya ina ba yaron magani ya ce, Gwaggo, da gaske Umma ce ta jawo min? Na ce ya shanye ya ba ni kofi.

'Yan uwa, in faɗa wa ƙanena, ko in bar ta ta ci gaba da rufa min asiri?