Ɗana Ya Maka Ƙwallo Bayan Katanga, Abokansa Suka Yi Gum

Malama Ɗaso, assalamu alaikum. Don Allah ki warware mini wani abu kafin Juma'a, ya hana ni sakat.

Ni dattijo ne a unguwar Misfala, nan Saudiyya. A da, a Kano, nahawu da balaga nake koyarwa. Na zo Hajji na zauna, yau shekara talatin ina tura gajiyayyu a keke, yaran da ba su iya karanta wasiƙa ba suna daka mini tsawa. Ban faɗa don a tausaya mini ba.

Autana Marwan shekararsa goma sha tara, a nan aka haife shi, Hausarsa ma sai a hankali. Shi ya ɗauko wani wasa wai besbol. Suna yi ranar Juma'a bayan la'asar a wani filin ajiye motocin alhazai wajen Muzdalifa, shi da 'yan Indunusiya da Pakistan da wasu samarin Saudiyya. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da kulki ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu. Na fara binsa ne don in ga shirmen, sai ga ni ina son sanin me ya sa mai jifa yake kaɗa kai kafin ya jefa. Ban taɓa tambaya ba. Malami ne ni.

Wata biyar yaron yana dukan iska. Sai da gasar ta kusa ƙarewa hannunsa ya buɗe, har aka ba shi gurbin wani Rakan, wanda ya girme shi a ƙungiyar. Ran nan suka yi karo wajen cafe ƙwallo, da kunnena na ji Rakan ya ce masa Takaruni, sunan da ake kiran irinmu baƙaƙen fata a nan, irin faɗin da na sani.

Juma'ar da ta wuce Marwan ya maka ƙwallo ta haye katanga, karo na farko a rayuwarsa. Ya zagayo ya dawo wurin 'yan ƙungiyarsa yana washe baki, hannu a sama. Ba wanda ya dube shi. Wani yana ɗaure takalmi, Rakan ya juya baya yana shan ruwa. Malama, na san wannan shirun, shekara talatin ina haɗiyarsa. Na shiga filin na wanke su tas da Larabcin littafi, har da baitoci. Wasa ya tsaya.

A gida Marwan ya ce wai al'adar wasan ce: in sabon ɗan wasa ya yi irin wannan bugu karon farko, sai a yi kamar ba a gani ba na ɗan lokaci, sannan a rufe shi da murna. Wai saura ƙiris su rungume shi na shigo. Ya ce kada in zo wasan ƙarshe. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shin da gaske akwai wannan al'ada? Ko yaron yana rufe wulaƙanci ne yadda na rufe nawa? Kuma in je, ko in zauna?

Tsohon Malami, Misfala

Wa alaikumus salam, Baba Malam.

Ni ma ban sani ba sai da na tambayi masu kallon wasan. Marwan bai yi maka ƙarya ba, ana yin haka, kuma wanda aka karɓa a matsayin ɗan gida ake yi wa.

Ban ga laifin zuciyarka ba. Ka ji kalmar Rakan da kunnenka, kuma ba ta da daɗi. Amma ban da ita, ai ka ga an ba ɗanka gurbi saboda iyawarsa. Ko sun shirya da Rakan ko ba su shirya ba, Marwan ne ya sani, kai kuwa ba ka tambaye shi ba.

Abin da ke cinsa ya wuce kunya. Bugun farko sau ɗaya ake yinsa, rungumar da yake jira ta wuce ba za ta dawo ba. Ka faɗa masa ka gane haka, a taƙaice, ba baiti. Sannan ka yi masa tambayar nan taka ta mai jifa da kaɗa kai. Ka bar shi ya koyar da kai, ko da Larabcinsa na titi ne, kada ka gyara masa wasali ko ɗaya.

Zuwa fili kuma, izininsa za ka nema. In ya amince, ka isa da wuri ka ba yaran haƙuri, har da Rakan. In ya ƙi, ka zauna a gida, ya dawo ya tarar kana jiran labari.

Allah ya ba Marwan sa'a ranar Juma'a. In ya sake haye katangar, Baba, ka bari abokansa su riga ka isa gare shi.

Ɗaso