Dokin da Ka Saba Bayarwa

Zuwa ga hasken idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, Mai Doki na,

Na so in gaishe ka da irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan farko. Na ɗauki biro ina jiran zuciyata ta motsa, ba ta motsa ba. Kukan ma ya daina zuwa. Da safe in tafi asibiti in raba wa marasa lafiya magani, da yamma in dawo in zauna gaban allon ces ɗinka, darar nan ta Turawa mai sarki da doki, a kan ƙaramin teburin da ka bar shi. Gogewa kawai nake yi, in mayar da 'ya'yan wasan kowa gidansa.

Ka tuna ranar da ka fara koya mini, muna sabon aure, har tukunya ta ƙone a kan wuta? Ko gyara zama ban gama ba ka turo dokinka bakin sarkina, ka ce in ci. Na ce a raina, anya mutumin nan lafiyarsa ƙalau? Wa ke kyautar doki tun wasa bai yi nisa ba? Na ci. Sarkina ya fito fili, sai ga sarauniyarka, sai ga sauran a bayanta, kafin in ankara an gama da ni. Ka yi ta dariya har da buga cinya. Abokan wasanka na shagon aski suna cewa wannan ganganci ne, ba haka masana ke buɗe wasa ba. Kai kuma ka ce musu wanda ya ba da doki bai yi asara ba muddin ya biyo da hari nan take, amma in ya tsaya shan iska, to dokin ya tafi a banza.

Ranar da ka ajiye aikin koyarwa, ka ce za ka yi nisa ka nemo mana abin da ya fi, na gane wasan. Ni ce dokin. Ban yi musu ba, don na sha ganin yadda kake ƙarasawa. To ina harin, sanyin idona? Kiranka ya koma na wata-wata, yanzu ko shi babu. Sai dai abokinka mai aski ya ce mini kana lafiya, yana faɗa yana kallon ƙasa. Shi zan ba takardar nan, tunda ya san inda kake.

Baba ya gaji. Ya ce ƙarshen watan nan Yaya zai zo da mota ya kwashe ni, in kuma ba ka bayyana ba, a je gaban alƙali a raba auren. A da nakan ba su haƙuri. Wannan karon na ce to.

Kada ka ce na daina son ka. Wallahi ko a wannan mutuwar jikin, sunanka ne kaɗai ke ɗan taɓa ni. Darasinka na ɗauka: in sarki ya maƙale a lungu ya ƙi fitowa, sai a ajiye masa abu mai tsada a fili. Na ajiye gidanmu, na ajiye aurenmu. Ka san sau ɗaya na taɓa gwada wasan nan a kanka, na ba da doki na rasa abin biyowa, ka cinye ni kana ce mini 'yar koyo. Yau ma ba ni da komai a bayansa, sai fatan za ka fito.

Za ka ji wani abu mai tauri a cikin ambulan. Farin dokinka ne, mai guntulallen kunne. Na jera sauran, gurbinsa kaɗai ke fili. In ka kawo shi da hannunka, za ka same ni zaune a ɓangaren baƙaƙe. In ka aiko shi, na gane.

Taka, ko a gidanka ko a gidan Baba, har numfashina ya ƙare,
'Yar koyonka