Koren Zaren Aljanar Daji

Iași, 9 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Domnica,

Ni ne ƙanenki Codrin Ursachi, mai riƙe da digiri a fannin kimiyyar rini da sarrafa zare, da sakamako mai daraja ta ɗaya. A wannan matsayi nake rubuto miki, ba a matsayin yaron da kike share wa majina ba. Maƙasudina ɗaya ne: in ƙwato miki sunanki daga hannun Tanti Profira, wadda don ladabi kawai nake ce mata tanti, wato gwaggo. Amma tukuna, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Gavril da yara, da kuma Mama da ciwon gwiwarta. Ni ma lafiya lau, godiya ga Ubangiji.

Mama ta shaida mini ta waya cewa Profira ta kawo miki aikin dogon tawul na iyayen aure, wato miji da matar da ke tsaya wa ango da amarya a coci, don bikin 'yarta Otilia, kuma kin karɓa bisa sharaɗin da aka saba: ki ɗinka a ɗakin baya, a ce amarya ce ta ɗinka. Ina cin tuwon masara da cuku lokacin da na ji wannan labari, kuma ina tabbatar miki ban ƙara loma ko ɗaya ba.

Ke kin manta, ni ban manta ba. A baje-kolin bara, rigar da kika kwashe hunturu guda kina yi wa ado ita ta zo ta ɗaya, kuma Profira ce ta hau dandamali ta karɓi kambu. Ke kina ƙasa, riƙe da kwat ɗinta. Da alƙali ya tambaye ta yadda ta fitar da furen wuya, sai ta shafa yatsunta ta ce, "Kai dai bari, ranka ya daɗe, waɗannan hannaye sun sha wahala." Sannan ta waiwayo ta ce miki, "Domnica 'yar albarka, ɗaga kwat ɗin nan, yana jan ƙasa." Kika ɗaga. A ilimance, sunan wannan al'amari satar fasaha, haɗe da cin mutunci a bainar jama'a.

Ga abin da na tsara. Kin fi ni sanin yadda ake yi ranar biki: idan an fito daga coci an ci an sha, amarya ta zuba wa uban aure da uwar aure ruwan ɗumi mai ɗoɗɗoya a hannu, ta miƙa musu tawul ɗin su goge, jama'a na tafi suna yaba aikin allurarta. An ce magajin garinmu da matarsa ne iyayen auren. An kuma ce Otilia ta ƙi tsohon zanen kakanni, aljanar daji take so, mai fukafukai da koriyar riga, irin wadda ta gani a wayarta. Madalla. Zan rina miki koren zare da hannuna, in hana shi sinadarin da ke kama launi. Idan yana bushe, babu idon da zai gane. Da ya ji ruwan ɗumi sai ya zuba, hannun magajin gari ya koma kamar ganyen kabeji. A nan Profira za ta zaɓi ɗaya: ko ta bari a yi wa 'yarta dariya, ko ta buɗe baki ta ce, "Ai Domnica ce ta ɗinka!" Kowanne ta zaɓa, mun samu.

Ki aiko mini da zanen. Ki gaishe da Gavril, amma kada ki gaya masa, domin bakinsa ba ya rufuwa idan ya kurɓi giyar kaka.

Naki har kullum,
Codrin

*

Iași, 2 ga Yuli

Yaya Domnica abar ƙauna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ina fata an gama yankan ciyawa kafin ruwan sama ya same ku. Zanen ya iso, tare da ɗan rubutunki na gefe: "Kai yaron nan, Allah ya shirye ka." Na nazarci jimlar, ban tarar da kalmar a'a a cikinta ba, saboda haka na ɗauke ta a matsayin amincewa.

Na ba direban motar Asabar ƙunshin zare. Ki saurara da kyau, domin zaɓin launi ilimi ne, ba son rai ba.

Gashin aljanar ki yi shi da ruwan zuma, ki ratsa shi da rawaya mai haske, da ɗinkin sarƙa, ya zubo har ƙugunta kamar iska na kaɗa shi. Fukafukan kuwa shuɗi mai hasken safiya, silin zare ɗaya tak, ki bar farin yadin yana leƙowa ta tsakani don su yi shara-shara. Na ga kin zana ta zaune a kan laimar kwaɗi tana ɗaure takalminta, bushiya na riƙe mata madubi. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, sannan raina ya ɓaci, domin na tuna wa za a yaba. Laimar kwaɗin ki ba ta ja mai duhu, ɗigon kanta ƙananan ƙulli farare. Bushiyar ruwan ƙasa, ƙayoyinta gajerun ɗinki a tsaye, kada ki jera su daidai, bushiya ba soja ba ce. Duk waɗannan zaruruwa nagari ne, ko a kogi aka jiƙa su ba za su motsa ba.

Koren shi ne makaminmu. Na naɗe shi daban a cikin takardar burodi. Na fitar da shi kala uku, daga tsanwa zuwa duhun gansakukan gindin itace, kuma ban yi ƙarya ba idan na ce babu kantin da ke sayar da irinsa a faɗin lardin nan. Rigar aljanar da ganyayen da ke kewaye da ita duk da shi za ki yi, da ɗinkin cike, mai kauri, zare kan zare. Hikimar ita ce, gwargwadon yawan zaren gwargwadon yawan zubar. Ki kuma sauko da ganyayen zuwa tsakiyar tawul, daidai inda tafin hannu ke kamawa.

Hannunki ya kasance a bushe lokacin aiki. Ki riƙa shafa garin masara a yatsu, kuma ki daina lasar bakin zare kafin ki zura a allura, in ba haka ba za ki je coci da koren leɓe asiri ya tonu. Ki yi wa tawul ɗin guga ta baya, kada ki yayyafa ruwa. Idan Profira ta zo karɓa, ki ce mata wanki yana kashe ƙyallin sabon aiki. Za ta yarda, tunda rabonta da riƙe allura tun ina cikin zanen goyo.

Na gwada wani guntu a nan. Abokin zamana Silviu ya goge hannu da shi, ya kwana biyu yana zagina, yana cewa, "Malam masani, ka mayar da ni kwaɗo, gobe kuma ina da ganawa da iyayen budurwata!" Wannan shi ake kira tabbatacciyar hujja ta gwaji.

Ki sumbaci yara, ki ce wa Mama ina shan maganin tarin.

Ƙanenki mai kishinki,
Codrin

*

Iași, 21 ga Agusta

Yaya Domnica,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Gavril da yara da Mama, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya ba.

Wasiƙarki ta same ni, na kuma fahimci abin da ya faru. Matar magajin gari ta karye a ƙafa, sun janye daga zama iyayen aure. Otilia ta zo gidanki da kanta, ba da uwarta ba, ɗauke da burodin biki da kwalbar giya, ta durƙusa ta roƙe ku, ke da Gavril, ku tsaya mata. Kin rubuta cewa ta ga aljanar a kan gwiwarki ta fashe da kuka, ta ce, "Tanti, ni ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba, kowa ya sani, uwata ce kawai take zaton ba a sani ba." Gavril kuma ya amsa tun kafin ki buɗe baki. Yanzu kin ce ba za ki kunyata yarinyar da za ki riƙe wa kyandir a gaban bagadi ba, wadda za ki tsaya wa 'ya'yanta ranar baftisma, don haka kin fara warware koriyar rigar.

Ra'ayina shi ne Profira ce ta turo ta. Ta san uwar aure ba ta tona asirin 'yar aurenta, sai ta ɗinke miki baki da zumunci, wanda shi ne ɗinki na farko da na taɓa ganin ta yi da kanta. Na yi zirga-zirga a ɗaki har Silviu ya ce zan huda masa dabe. Na so in ce ki bar koren yadda yake, ki fito da koren hannu ki ɗaga wa Profira a gaban kowa. Amma na auna, na ga hannunki ne, kuma na ga wadda za a yi wa dariyar Otilia ce, alhali ba ita ta ba ki riƙon kwat ba. Na janye koren. Nagari yana tafe a motar Asabar, launinsa bai bambanta da na farko ba.

Sai dai kada ki ɗauka na janye ƙarata. A cikin ƙunshin akwai wani zare baƙi. Na rina shi sau da yawa, na kama shi da duk abin da na koya a jami'a. Na dafa shi, na jiƙa shi a toka, na shanya shi a rana, bai sauya ba. Da shi za ki ɗinka sunanki, Domnica, da ɗinkin gicciye, a gefen tawul ƙarƙashin laimar kwaɗin, da haruffan da tsohuwa za ta karanta daga teburin ƙarshe ba tare da tabarau ba. Ba a baya ba, ba a cikin kalmasa ba. Wannan ba ya kunyata amarya. Tawul ɗin iyayen aure ne, gidanki zai dawo, za a iya cewa sunan mai karɓa ne. Amma duk macen da ta taɓa riƙe allura a garinmu za ta dubi haruffan, ta dubi fukafukan, ta ga hannu ɗaya ne, sannan ta waiwaya ta dubi Profira. Wannan kallon kaɗai nake nema, kuma na sayi sabuwar riga domin in tsaya kusa in gan shi.

Idan kika ƙi, to ki sani zan miƙe a tsakiyar walima, a gaban limamin coci da dangin ango, in roƙi Tanti Profira cikin ladabi ta nuna wa jama'a yadda ake ɗinkin sarƙa. Zan zo da allura da zare a aljihu, na riga na zura mata.

Saboda haka ina buƙatar amsarki a rubuce, da hannunki, ba saƙon baki ta wajen Mama ba, kuma ta iso gare ni kafin ranar takwas ga Satumba. Kalma ɗaya ta isa: kin ɗinka, ko in taho da allurata.

Ki huta lafiya. Ubangiji ya ƙara wa idonki haske.

Ƙanenki da bai huce ba,
Codrin Ursachi