Yaya Bello Ya Goge Manhajar Injin Baba

Jega, daren Laraba

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Manhajar da ke karanta injin numfashin barcin Baba sai a Windows take aiki, ni kuwa kwamfutata ba shi ne a kanta ba. Da ƙyar na dasa Windows ɗin a cikinta, kamar kwamfuta cikin kwamfuta, har na fara ganin inda numfashinsa ke ɗaukewa.

Yau Yaya Bello ya ari kwamfutar, ya goge komai don ya zuba bidiyon bikin abokinsa. Wai, "Haba Hauwa, na ga abu ya cika wuri."

Gobe likita zai duba sakamakon ya daidaita ƙarfin iskar. Yaya ya koma Aliero abinsa. Ni ga ni nan ina sake dasawa, ina jiyo Baba ta bango yana shaƙewa.